Malam Jibril ɗan Umar

Malam Jibril ɗan Umar, wanda littattafan Larabci suke kira Abul Amana Jibril bin Umar, Hausawa kuma suke ce masa Malam Jibrilu ko Malam Jibrin ɗan Umaru, malami ne da ya rayu a ƙarni na 18 tsakanin Adar da Agadas da ƙasar Gobir. Ya yi aikin hajji sau biyu, ya zauna gaban malaman Alƙahira, ya komo gida da ijazar ruwayar hadisi da izinin ɗariƙun Sufaye. An fi saninsa a matsayin malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi. Ya rasu a yankin Madawa, cikin Jamhuriyar Nijar ta yau, a ƙarshen ƙarnin, kafin a soma jihadin 1804.

Abu biyu ne suka hana sunansa ɓacewa. Na farko, wani babban reshe na silsilar ilimin da malaman Sakkwato suka gada ta hannunsa ya biyo daga Masar. Na biyu shi ne ra'ayi mai tsanani da ya riƙe game da kafirta mai manyan zunubai, wanda babban almajirinsa ya ƙi karɓa, har ya yi rubutu a kansa, alhali bai daina kiransa malaminsa ba.

Ƙasar da ya tashi a cikinta

Masana tarihin Nijar suna lissafa Malam Jibril cikin mutanen Adar, ƙasar tuddai da duwatsu da ke wajen Tawa da Keita da Illela. Mafi yawan mazaunanta Hausawa ne manoma, da dama daga cikinsu a wancan lokaci Azna ne masu riƙe da bautar gargajiya, sai kuma Abzinawa masu raƙuma tare da malamansu. Tun 1674, lokacin da Agabba ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak ya ƙwace ƙasar daga hannun Kabi, Adar ta ɗauru da Agadas ta wajen sarauta da ciniki. Saboda haka ba abin mamaki ba ne ɗan Adar mai neman ilimi ya dosa arewa. Malam Jibril ya daɗe a Agadas har marubuta suka riƙa jingina shi da garin, suna ce masa mutumin Agadas.

Kudu da Adar akwai Gobir. Gobirawa suna cewa daga Abzin kakanninsu suka gangaro, suna sauya mazauni sannu a hankali, har a tsakiyar ƙarni na 18 Sarkin Gobir Babari ya ci Zamfara, ya kafa birnin Alƙalawa a bakin Gulbin Rima. Kufan Alƙalawa yana cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni ta jihar Sakkwato, inda garuruwa irin su Kurawa suke, Isa kuma tana kudu da nan. Madawa tana arewa da Sabon Birni, a ƙetaren iyaka. Iyakar nan Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta a farkon ƙarni na 20. A zamanin Malam Jibril malami yakan tashi daga gefen Alƙalawa da jakinsa da gafakarsa, ya ratsa Adar, ya shiga ayarin da zai kai shi Agadas, kuma duk inda ya sauka zai tarar da masu jin Hausa da masu karanta littattafan da ya sani.

Karatun gida da iyakarsa

Tsarin karatu a wancan zamani ba na makaranta mai azuzuwa ba ne. Bayan yaro ya sauke Alƙur'ani, sai ya shiga karatun littattafai ɗaya bayan ɗaya: ƙananan littattafan fiƙihun Malikiyya irin su Ahalari da Ishmawi, sannan Risala, har ya kai Muhtasar na Halil, a nahawu ya fara da Ajurumiyya ya nufi Alfiyya, a tauhidi littattafan Sanusi, a tafsiri Jalalaini. Kowane littafi yana da malaman da suka shahara da shi. Almajiri shi ke bincike, ya ji labarin wane a gari kaza ya iya Muhtasar, ya tattara kayansa ya je, ya yi masa hidima, in ya gama ya nemi wani. Zaɓen malami aikin ɗalibi ne, kuma da sunan malaman da ya zaɓa za a auna shi har ƙarshen ransa.

Wannan tsari yana fitar da ƙwararru a fiƙihu da nahawu, amma yana da inda ya tsaya. Littattafai da hannu ake kwafarsu, kuskuren mai kwafa kuwa yakan bi littafi daga tsara zuwa tsara. Manyan littattafan hadisi da na usulul fiƙihi ba su da yawa a ƙasar, masu ruwaito su da isnadi mai ƙarfi sun fi littattafan ƙaranci. Wanda yake son ya karantar da Buhari, a kuma yarda cewa abin da yake faɗa ya taho baki da baki daga mai littafin, dole ya nemi wanda ya karɓo shi daga Makka ko Madina ko Alƙahira, ko kuwa ya tafi da kansa.

Tafiyar tsohuwa ce. Tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suka kashe dukiya aka gina musu makaranta a Masar, wadda aka sani da makarantar Ibn Rashiƙ, domin alhazansu da ɗalibansu. A masallacin Azhar akwai ɓangaren da aka keɓe wa ɗaliban Barno. Wani malamin Katsina, Muhammad al-Kashnawi, masanin lissafi da taurari, ya yi hajji ya zauna a Alƙahira, ya rasu can a 1741 a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti. Hanyar da alhazan wannan yanki suka saba bi ita ce ta hamada: daga Agadas a ratsa duwatsun Abzin zuwa Gat, a shiga Fazzan a huta a Murzuƙ, a bi ta Aujila da Siwa har bakin Kogin Nilu, sannan a jira ayarin Masar mai zuwa Hijaz. Zuwa da dawowa shekaru ne, ba watanni ba. Ƙishirwa da 'yan fashi da annoba suna cin rabonsu, guzuri yakan ƙare a tsakiyar hanya mutum ya tsaya yana rubutun littattafai ko karantarwa har ya sami na ci gaba. Wasu ba sa ganin gida. Malam Muhammadu Sambo, kawun Shehu Usmanu, ya yi sama da shekara goma a ƙasa mai tsarki, da ya juyo kuma ajali ya tarar da shi a Agadas. Malam Jibril sau biyu ya yi wannan tafiya.

A gaban Murtala al-Zabidi

Malamin da aka fi danganta shi da shi a Masar shi ne Sayyid Muhammad Murtala al-Zabidi. Shi ma baƙo ne a Alƙahira. An haife shi a 1732 a Bilgiram ta ƙasar Indiya, ya yi karatu a garin Zabid na Yaman har aka riƙa kiransa da sunan garin, ya zauna a Hijaz, sannan ya sauka Alƙahira wajen 1754. A can ya rubuta Tajul Arus, sharhin ƙamus ɗin Firuzabadi, wanda har yau yana cikin mafi girman ƙamus na Larabci, ya kuma rubuta Ithafus Sadatil Muttaƙin, sharhin Ihya'u na Imam Gazali. Ya rasu a annobar 1791.

Abin da ya jawo masa baƙi daga nesa shi ne hadisi. Al-Zabidi ya tara isnadai daga ɗaruruwan malamai, ya farfaɗo da tsohuwar al'adar zama a yi shiftar hadisi tare da ambaton maruwaitansa ɗaya bayan ɗaya. Almajirinsa Abdurrahman al-Jabarti, ɗan wancan Hasan da al-Kashnawi ya rasu a gidansa, ya ba da labarin yadda alhazan Magrib suke cika ƙofar gidansa a lokacin hajji, har wasunsu suna ganin hajjinsu bai cika ba in ba su ziyarce shi ba. Mutanen ƙasashen Sudan ma suna cikin masu zuwa, shi kuma yakan tambaye su labarin garuruwansu da malamansu ya rubuta.

A 1198 ta Hijira, wato 1784, Malam Jibril ya karɓi ijaza daga al-Zabidi. Ɗansa Umar, wanda ake wa alkunya da Abut Taufiƙ, shi ma yana cikin wannan silsila. Cikin abin da malamin ya taho da shi akwai Alfiyyatus Sanad, doguwar waƙa ta sama da baiti dubu da al-Zabidi ya tsara, inda ya jera malamansa da hanyoyin da ilimi ya iso gare shi. Littafi ne da bai koyar da hukunci ko ɗaya, amma ga mai karantarwa a Adar ko Gobir darajarsa babba ce, domin shi ne shaidar cewa karatunsa yana da tushe.

Ya kamata a fahimci abin da ijaza take nufi, don sau da yawa ana kwatanta ta da digiri, alhali ba ɗaya suke ba. Digiri makaranta ke bayarwa bayan jarrabawa. Ijaza mutum ne yake ba mutum, da sunansa da mutuncinsa. Azhar kanta ba ta kafa jarrabawar zama malami ba sai a 1872, kusan shekara casa'in bayan zuwan Malam Jibril. Kuma ijaza hawa-hawa ce. Mafi ƙarfi ita ce wadda ɗalibi ya ji littafin daga bakin malami, ko ya karanta shi a gabansa daga farko har ƙarshe ana yi masa gyara. Akwai wadda malami zai miƙa wa ɗalibi littafi ya ce ya ruwaito shi daga gare shi. Akwai kuma ijaza ta gaba ɗaya, inda malami zai ba mutum izinin ruwaito duk abin da shi ya ruwaito, ko da zama ɗaya suka yi, wani lokaci ma ta wasiƙa, wani lokaci har da yaran da aka zo da su don neman albarka. Malaman hadisi suna kuma son isnadi mai gajeren zango, wato wanda mutanen da ke tsakanin mai ruwaya da Annabi (SAW) ba su da yawa, kuma neman irinsa na cikin abin da ke sa a ƙetare hamada.

Don haka takardar ijaza kaɗai ba ta nuna zurfin ilimin mai riƙe da ita. Abin da take nunawa shi ne wa ya gani, wa kuma ya yarda a jingina sunansa da nasa. Mutanen wancan zamani sun san haka sarai, shi ya sa suke tambaya ta biyu: tsawon wane lokaci ya zauna da malamin, wane littafi ya karanta, wa ya shaida. Abin da ya ɗaga Malam Jibril a idon mutanen Gobir shi ne ya je Masar yana malami cikakke mai almajirai, ya san abin da ya rasa, kuma da ya dawo an ga abin a karatunsa. Ɗaliban Arewa da ke tafiya Azhar ko Madina a yau suna tarar da tsari iri biyu a gefe da gefe, takardar jami'a da ijazar zaure, kuma tsofaffin tambayoyin nan ba su daina aiki ba.

Horon Halwatiyya

Ba hadisi kaɗai ya ɗauko ba. Littattafan silsila na Shehu Usmanu sun nuna cewa ta hannun Malam Jibril ya karɓi izinin ɗariƙu uku: Ƙadiriyya, Shaziliyya da Halwatiyya. Ta ukun ce ta fi nuna alamar Masar. A ƙarni na 18 Halwatiyya ita ce ɗariƙar manyan malaman Azhar. Shaihu Mustafa al-Bakri, mutumin Dimashƙa wanda ya rasu a 1749, shi ya farfaɗo da ita a can, almajirinsa Muhammad al-Hifni, wanda ya rasu a 1767, ya shugabanci Azhar yana kuma ba da wuridinta. Bayansa sai Ahmad al-Dardir, shugaban Malikawan Masar, mai littafin Aƙrabul Masalik da babban sharhin Muhtasar, waɗanda har yau ake karantawa a zaurukan Kano da Sakkwato. Al-Dardir ya rasu a 1786, ke nan yana raye lokacin da Malam Jibril yake Alƙahira, kuma wasu masu bincike na zamani suna cewa a hannunsa ya shiga ɗariƙar. Shehu Ahmadu Tijjani ma, kafin ya kafa tasa ɗariƙar, ya karɓi Halwatiyya a Alƙahira daga Mahmud al-Kurdi a tafiyarsa ta hajji wajen 1773.

Sunan ɗariƙar daga halwa ya samo asali, kalmar da Hausa ta ara tuntuni. Muridi yakan shiga ƙaramin ɗaki shi kaɗai na 'yan kwanaki, mafi tsawo kwana arba'in, yana azumi, yana rage ci da barci da magana, yana zaune da alwala yana maimaita zikirin da aka ba shi. Horon yana da matakai bakwai, kowanne da sunan Allah da ake ja a cikinsa, kowanne kuma yana fuskantar wani hali na rai: daga rai mai umurni da mugun aiki, zuwa mai zargin kansa, har zuwa mai natsuwa da abin da ke gaba da shi. Ba a tsallake mataki. Shehi ne yake sauraron abin da muridi ya gani a mafarki ko ya ji a zuciya, shi ne yake cewa ya isa ya wuce ko ya ƙara zama. Littattafan ɗariƙar suna gargaɗi ƙwarai a kan shiga halwa ba da jagora ba, domin yunwa da rashin barci da kaɗaici suna iya rikita hankali, mutum ya ɗauki ruɗu a matsayin buɗi. Bayar da izinin horar da wasu kuwa mataki ne dabam, ba kowane muridi yake kaiwa gare shi ba.

Abzin ba baƙuwar irin wannan tafarki ba ce. Tun ƙarni na 16 ake tunawa da Sidi Mahmud al-Bagdadi, wani sufi da ya karantar a duwatsun ƙasar aka kuma kashe shi a can, mabiyansa suka ci gaba da zikirinsu a ƙananan masallatan kwari. Malam Jibril ya komo ƙasar da ta san halwa, da sabuwar silsila daga Azhar.

Shehu Usmanu da Abdullahi a gabansa

Mafi yawan abin da aka sani game da karantarwarsa daga alƙalamin Abdullahi ɗan Fodiyo ya fito, a littafinsa Ida'un Nusuhi na 1812, inda ya lissafa malaman da shi da wansa suka yi karatu a wurinsu, da kuma Tazyinul Waraƙat na 1813. Muhammadu Bello ma ya ambace shi a Infaƙul Maisuri cikin manyan malaman ƙasar.

An haifi Shehu Usmanu a Maratta ta ƙasar Gobir a 1754, ya girma a Degel. Ya karanta Alƙur'ani a wurin mahaifinsa, ya yi kusan shekara biyu tare da baffansa Usmanu Binduri yana karatun Muhtasar yana kuma koyi da halinsa na horo da kyakkyawa da hani da mummuna. Daga nan ya tafi wurin Malam Jibril. Ya yi kamar shekara guda yana biye da shi, yana karatu a zango da kan hanya, har suka isa Agadas. A nan malamin ya yi niyyar wucewa hajji. Saurayin yana son ya bi shi, amma mahaifinsa bai ba shi izinin wannan tafiya ba, sai Malam Jibril ya mayar da shi gida ya wuce shi kaɗai.

Wannan ɗan labari ya fi girman yadda ake ba da shi. Malami mai shirin ƙetare hamada ya sami almajiri haziƙi mai son rakiyarsa, ya sallame shi saboda haƙƙin uba. Shehu Usmanu bai sake samun damar zuwa Makka ba har ya rasu a 1817. Mutumin da ya girgiza ƙasar Hausa bai taɓa ƙetare hamada ba. Duk abin da ya samu na Masar da Hijaz ta hannun waɗanda suka je ne: Malam Jibril, da kuma Alhaji Muhammadu ɗan Raji, wanda ya karantar da shi Buhari da isnadin da ya karɓo a Madina daga Abul Hasan al-Sindi, wani malamin da asalinsa daga ƙasar Sindi ne. Da wannan da al-Zabidi, sai ga silsilar hadisin Sakkwato ta bi ta hannun malamai biyu 'yan asalin yankin Indiya.

Bayan Malam Jibril ya dawo daga hajjinsa na biyu, wajen 1786, Shehu da Abdullahi suka je gaishe shi. A lokacin Shehu ya haura shekara talatin, ya yi fiye da shekara goma yana wa'azi, yana da jama'arsa. Duk da haka ya koma ya zauna a matsayin ɗalibi. Sun yi kwanaki a wurinsa, ya laƙƙana musu kalmar tauhidi irin yadda Sufaye suke yi, ya ba su ijazar duk abin da ya ruwaito, ya kuma ba su Alfiyyatus Sanad. Shehu ya koma gida ya bar ƙanen nasa, wanda ya ƙara kusan wata biyu yana karanta Kaukabus Saɗi'i na Suyuɗi, yana sauraron karatun sauran ɗalibai. Abdullahi ya ambaci cewa a wurin Malam Jibril ya ɗauki littattafan usulul fiƙihi, har da na Ƙarafi da Jam'ul Jawami'i da sharhohinsa. Usulu shi ne ilimin yadda ake ciro hukunci daga nassi, kuma duk wanda ya karanta rubuce-rubucen Abdullahi na baya, da yadda yake auna hujja kafin ya yanke magana, zai ga amfanin waɗannan watanni. Daga baya Shehu ya tattara silsilolinsa a littafin Asanidul Faƙir, sunan Malam Jibril da na ɗansa Umar suna ta maimaituwa a cikinsa.

Wa'azi da masu mulki

Malam Jibril mai zafin wa'azi ne. Abin da ya gani a Adar da Gobir da Abzin shi ne mutane masu salla da azumi, amma suna yanka wa duwatsu da itatuwa, sarakuna suna tara mata fiye da huɗu, ana cin dukiyar marayu, ana hana mata gado, ana karɓar harajin da shari'a ba ta sani ba. Ya yi magana a kan waɗannan ba sassauci. Ana ruwaito cewa wa'azinsa ya sa masu mulkin Gobir suka ƙi jininsa, kuma yunƙurinsa na kawo gyara a cikin Abzinawa bai sami karɓuwa ba. Bai tara runduna ba, bai kafa gari ba. Shehu Usmanu ya rubuta cewa a hannun wannan malami aka fara rushe miyagun al'adu a ƙasar, shi da jama'arsa kammalawa suka yi. Ya kuma yi baitocin yabonsa, Abdullahi ma haka.

Bambancin malamin da almajirin a wajen mu'amala da sarakuna a bayyane yake. Shehu ya je Alƙalawa ya yi wa Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo wa'azi, a taron Idi na Magami kuma, wajen 1788, ya ƙi karɓar kyautar sarki, ya nemi a bar shi ya kira mutane zuwa ga addini, a sassauta haraji, a saki fursunoni. Ya yi shekara talatin yana wa'azi da rubutu da waƙoƙin Fulatanci kafin ya yi hijira zuwa Gudu a 1804. Haƙurin da malamin bai yi ba, almajirin ya yi shi.

Mas'alar kafirta mai zunubi

A nan ne suka rabu a fili. Malam Jibril ya tafi a kan cewa Musulmin da ya dulmuya cikin manyan zunubai irin waɗanda aka ambata, ya mayar da su al'ada, ya fita daga Musulunci. Maganar ba ta tsaya a zaure ba, domin a fiƙihun wancan zamani hukuncin kafirci yana jan abubuwa masu nauyi: aure ya warware, gado ya yanke, ba a yi wa mutum salla in ya mutu, in kuma yaƙi ya tashi jininsa da dukiyarsa da 'yancinsa duk suna cikin haɗari. A ƙasar da ake kama bayi ana sayarwa, kalmar kafiri tana iya zama igiya a wuyan mutum.

Shehu Usmanu ya ƙi wannan ra'ayi. Ya tattauna shi a Nasa'ihul Ummatil Muhammadiyya, ya kuma keɓe masa littafi guda, Shifa'ul Galil, don warware abin da ya rikitar a maganar malamin nasa. Hujjarsa ita ce matsayin Ahlus Sunna tun farko: zunubi, komai girmansa, yana mayar da mutum fasiƙi, amma ba ya mayar da shi kafiri sai in ya halatta abin da aka san haramcinsa. Fitar da mai babban zunubi daga imani tafarkin Hawarijawa da Mu'utazilawa ne. Bai ɓoye sunan mai maganar ba, bai kuma sassauta hukuncin don girman malami ba. Abin da ya yi shi ne ya nema masa uzuri, ya ce tsananin kishin al'umma da tausayinta ne suka kai shi ga tsanantawa, ya gargaɗi masu karatu kada su ɗauki wannan gyara a matsayin zubar da darajar shehin. Da kayan aikin da Malam Jibril ya ba shi, wato usulu da sanin maganganun magabata, ya yi masa gyaran.

Wasu marubuta na ƙarni na 20 sun yi zaton ko Malam Jibril ya ɗauko wannan zafi ne daga Wahabiyawa a tafiyarsa ta hajji. Zaton yana da rauni. Mabiyan Muhammad bin Abdulwahab ba su shiga Makka ba sai a farkon ƙarni na 19, bayan rasuwar Malam Jibril, kuma mutumin da ya komo da wuridin ɗariƙu uku yana rarrabawa ba ya kama da almajirinsu. Malamansa na Masar ma ba a san su da wannan ra'ayi ba: al-Zabidi mai sharhin Gazali ne, al-Dardir kuma Ba'ash'are ne a aƙida. Tushen da ya fi kusa yana gida. Tun ƙarshen ƙarni na 15 Shaihu Magili ya ratsa Abzin da Kano da Katsina da Gawo, ya bar fatawoyi masu kaifi a kan masu haɗa Musulunci da bautar gargajiya, malaman yankin suka yi ta kwafarsu. Malam Jibril ya miƙa wannan layi ne har ya wuce inda Magili ya tsaya.

Mas'alar ba ta mutu da shi ba. Da jihadi ya kai Barno, Shehu Muhammadul Amin al-Kanemi ya rubuto wa Sakkwato yana tambayar da wace hujja ake yaƙar mutanen da suke salla, yana cewa saɓo ba kafirci ba ne, kuma ana aikata shi har a Masar ba wanda ya kafirta mutanenta. Muhammadu Bello da mahaifinsa, a amsoshinsu, ba su kafa hujja da zunubi ba. Sun kafa ta ne da shirka da kuma taimakon waɗanda suke yaƙar Musulmi. Ko an gamsu da amsar ko ba a gamsu ba, ta nuna cewa shugabannin Sakkwato sun riga sun rufe ƙofar da Malam Jibril ya buɗe.

Rasuwarsa da abin da ya biyo baya

Malam Jibril ya ƙare rayuwarsa a yankin Madawa, kabarinsa yana can. Bai ga sarautar Yunfa ba, bai ga yaƙin Tafkin Kwatto na 1804 ba, bai ga faɗuwar Alƙalawa a 1808 ba. Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya sun ci gaba da gwagwarmaya har aka ci su a Gawakuke a 1836, suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya wani reshensu ya dawo ya kafa Sabon Birni a gefen tsohuwar ƙasarsu.

Cikin abin da ya ɗauko daga Masar, isnadin hadisi da karatun usulu sun yi saiwa, sun bi zuriyar Shehu da almajiransu zuwa Sakkwato da Gwandu da sauran garuruwan daular. Halwatiyya kuwa ba ta yaɗu ba. Ta tsaya a cikin littattafan silsila, jama'ar Shehu suka shahara da Ƙadiriyya har ana kiransu Ƙadirawa, musamman bayan 1794, shekarar da Shehu ya ba da labarin ganin Shehu Abdulƙadir Jilani a cikin wani buɗi. Da Tijjaniyya ta iso Sakkwato ta hannun Alhaji Umar Tal a shekarun 1830, ita ce ta zama ɗariƙa ta biyu a ƙasar.